Amsa ga mai son rufe wushirya, daga wadda ta sha zama a kujerar likitan haƙori

Assalamu alaikum ƙanwata. Na karanta tambayarki: kin ce shekarunki 26, wushiryar da ke tsakanin haƙoranki biyu na sama sai ƙara buɗewa take yi, kina son sanin wanne ya fi tsakanin ciko (abu mai launin haƙori da likita ke mannawa ya toshe ratar), waya (ƙarfen da likita ke ɗaura wa haƙora yana jan su a hankali), da 'yar robar nan da ake ɗaure haƙora biyu da ita a gida. Ni ba likita ba ce, amma na yi shekaru ina zarya wajensu kan wannan lamari, don haka ga abin da na gani.

Robar nan tukuna, don ita ta fi tayar min da hankali. Don girman Allah kada ki sa ta. Haƙori daga bakinsa yake da faɗi, yana zuwa wajen saiwa sai ya tsuke, saboda haka robar silalewa take yi ta shige ƙarƙashin dasashi inda ido ba ya gani. Mutum ya wayi gari ya ɗauka ta tsinke ta faɗi, alhali tana ciki tana bin saiwa, tana yanke naman da ke riƙe da haƙori, ƙashi na zaizayewa. Akwai waɗanda suka rasa haƙoran gaba biyu ta haka, kuma ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta sha yin gargaɗi a kai. Garin neman gira ne kawai.

Abu na biyu, maganar da kika yi cewa "tana ƙara buɗewa" ta fi komai nauyi a tambayarki. Wushiryar da aka tashi da ita tun ƙuruciya daban, wadda ke faɗaɗa bayan an girma daban. Haƙorin babba ba ya tashi daga mazauninsa haka kawai. Ko dai ciwon dasashi ya fara cin ƙashin da ke riƙe da shi, ko harshe na tura shi, ko an cire wani haƙori a baya sauran suna bajewa. Ki lura: kina ganin jini in kina goge baki? Akwai haƙorin da ke girgiɗi in kin taɓa shi? In akwai, da wankin haƙori da maganin dasashi za a fara. Likitan kirki ba zai ɗora waya a kan dasashi mai ciwo ba, don jan haƙorin da ƙashinsa ke lalacewa ƙara kwance shi ne.

Ni da ciko na fara, saboda gaggawa. Zama ɗaya ne, ko allura ba a yi min ba. Likitan ya ɗauko wani allo mai jerin 'yan haƙoran gwaji, yana kara su da nawa har ya sami launin da ya dace. Ya shafa wani ruwa mai shuɗi-shuɗi ya wanke, sannan ya riƙa ɗora cikon kaɗan-kaɗan a gefen kowane haƙori yana haska masa shuɗiyar fitila yana daskarewa. Da ya miƙo min madubi sai da na yi dariya ni kaɗai. Gaskiya ciko abu ne mai kyau in ratar ƙarama ce, kamar milimita 1 zuwa 2, kuma ba a cika kankare haƙori ba, in ba ki so ana iya cirewa. Tawa ta fi haka, sai haƙoran biyu suka fito da faɗi kamar na zomo. Bayan shekara biyu gefen cikon ya yi layi ruwan ƙasa saboda shayi, ɗaya kuma ya ɓantare ranar da na ciji murfin biro. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wata siririyar rata da ta sake ɓullowa a tsakanin cikon biyu. Ashe rufe ido muka yi, abin da ke raba haƙoran yana nan.

Likita ta biyu ce ta gano shi, ba ta ma ɗauki minti biyu ba. Ta ɗaga leɓena na sama ta ja, ta ce in duba madubi: naman da ke tsakanin haƙoran biyu ya yi fari fat. Akwai wani zaren tsoka da ke haɗa leɓen sama da dasashi, irin linzamin nan na ƙarƙashin harshe. Nawa mai kauri ne, ya sauko har tsakanin haƙoran ya tokare su. Sai ta ba ni ruwa ta ce in haɗiye tana kallo, nan ta ga harshena na dukan bayan haƙoran gaba duk haɗiya. Mutum kuwa sau ɗaruruwa yake haɗiyar yawu a rana. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka kankare tsohon cikon, aka sa min waya.

Wata 14 na yi da ita. Duk bayan sati huɗu zuwa shida ake komawa a ƙara ɗaurewa, kuma kwana biyu ko uku bayan kowane ɗauri haƙoran kan yi tsami, ko abu mai laushi da kyar nake taunawa. Ƙarfen na goge cikin leɓe a makonnin farko, akwai wani kakin da suke bayarwa a manna a kai. Ratar gaban ta rufe tun cikin 'yan watanni, har na fara ƙorafin me ake jira. Likitar ta ce saman haƙori ne ya haɗu, saiwoyin ba su miƙe ba, in aka cire a haka komawa za su yi. Ta kuma nuna min abin da ban taɓa tunani ba: rata ba ɓacewa take yi ba, ƙaura take yi. In haƙoranki ƙanana ne a kan babban muƙamuƙi, kina haɗe na tsakiya sai fili ya buɗe a gefe. Shi ya sa wasu ake haɗa musu biyu, waya ta raba filin daidai, ciko ya cike ragowar. Zaren tsokar kuma sai da haƙoran suka haɗu aka yanke shi, don in aka riga aka yanka tabon na iya hana su matsowa. Allurar kashe zafi ce da ɗinki kaɗan, cikin mako na manta.

In ba kya son ƙarfe a baki, akwai robar nan mai haske kamar gilashi da ake ƙera ta daidai da haƙoranki, irin su Invisalign, ana canza ta duk sati ɗaya ko biyu. Tana aiki sosai a kan wushirya, amma sai ta kwana ta yini a baki, awa 20 zuwa 22, cin abinci da goge baki kaɗai ke cire ta. Kin fi kowa sanin halinki. Ni na san nawa, shi ya sa na zaɓi abin da ba zan iya cirewa ba. Kuma ko wacce za ki yi, likita ya duba bakin da idonsa ya ɗauki hoto, kada ki yarda da wadda ake aikowa ba tare da an ga saiwa ba.

Murfin tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori kuwa ya fi ciko kyau da daɗewa, yakan kai shekara 10 zuwa 15, ba ya kama launi da sauri. Sai dai galibi ana kankare kusan rabin milimita na ɓawon haƙori, ɓawon nan kuma ba ya tsirowa. Wato kin shiga kenan, duk ranar da ya lalace sai wani. A ganina mai lafiyayyun haƙora a shekarunki bai kamata ta fara da shi ba, sai in haƙoran da ma ƙanana ne ko siffarsu ba daidai ba.

In kuma giɓi ne na haƙorin da ya fita, wannan wata magana ce: dashe, ko gada da ake jingina wa maƙwabtan haƙoran, ko haƙorin roba na cirewa. Dashe ƙusar ƙarfen titaniyom ce da ake kafawa a cikin ƙashi a ɗora sabon haƙori a kanta, tana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ta kama, ba a yin ta sai muƙamuƙi ya gama girma, kuma sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna kawo mata cikas. Iyayen da ke karantawa, ku bar wushiryar yaro ɗan shekara 8 ko 9, sau da yawa da kanta take rufewa in fiƙoƙin sama suka fito wajen shekara 11 zuwa 12.

Inda na yi sakaci shi ne bayan an cire wayar. An ba ni mariƙi na roba da ake kwana da shi. Wata safiya na naɗe shi a tishu na ajiye, aka share da shara. Yau zan koma, gobe zan koma, har wata uku. Ranar da na ji harshena ya sake samun 'yar kafa a tsakanin haƙoran sai gabana ya faɗi. Wushirya na cikin abubuwan da suka fi saurin dawowa, sai da aka sake matse su na ɗan lokaci, sannan aka manna min siririyar waya a bayan haƙoran gaba, wadda ba a gani. Ita ce a bakina har yau, ga na roba da dare. Wahalarta ɗaya, zaren sakace sai an zura shi ta ƙarƙashinta, kuma in ta ɓalle a haƙori ɗaya a koma a makon.

Ranar da za ki je, ki tambayi likita abin da ya jawo ratar, da lafiyar dasashi da ƙashi, da abin da zai riƙe haƙoran bayan an gama. Ki kuma duba wayarki ta hannu ki ware hotunanki na shekara biyu ko uku baya inda kike murmushi, ki nuna masa, da su zai gane saurin da take buɗewa.