Hukuncin Shiga Tseren Bijimai a Bikin San Fermin

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a garin Pamplona na ƙasar Sifaniya, inda duk watan Yuli ake yin bikin da ake sako bijimai a titi mutane suna gudu a gabansu. Bara na kalla daga barandar wani gida, bana kuma abokan karatuna sun matsa mini in sa fararen kaya da jan ƙyalle in shiga gudun. Da na ja baya, sai wani ɗan ƙasarmu ya ce ai mu ma muna da hawan ƙaho a gida. Mene ne hukuncin shiga, da kallo, da cin naman bijiman?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, malamai ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san yadda yake, don haka bari mu fara da bikin kansa. Ana buɗe shi ran 6 ga Yuli a rufe ran 14, kuma daga ran 7 ake sako bijimai shida kowace safiya da ƙarfe takwas, kowanne nauyinsa ya kai rabin tan ko fiye, su bi matsattsun tituna na kimanin mita 850 har filin da za a kashe su da yamma. Cikin minti biyu zuwa uku an gama, amma a wannan ɗan lokacin ne ƙaho yake huda ciki ko cinya, ko mutum ya faɗi a kwanar da ake shiga titin Estafeta a tattake shi. Mutum 16 ne suka rasu a gudun tun daga 1910, na ƙarshensu a 2009, kuma shekara ba ta wucewa ba a kwashi masu rauni zuwa asibiti ba.

Shiga wannan gudu haramun ne. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka. Shari'a tana yarda mutum ya fuskanci haɗari idan akwai maslahar da ta rinjaye shi, kamar mai kashe gobara ko mai ceto wanda ruwa ya ci, amma wanda ya tsaya a gaban bijimi don a ce ya yi jarumta ba shi da abin da zai ɗora a ɗaya gefen sikeli. Jikinka amana ne, kuma iyayen da suka tura ka neman ilimi suna da haƙƙi a kanka wanda bai kamata ka manta da shi ba saboda zugar abokai.

Abin da ya fi damuna shi ne asalin bikin, domin baƙi da yawa suna ɗaukarsa wasan gargajiya kawai. San Fermin waliyyi ne a wurin Kiristocin Katolika na yankin, ana zagayawa da mutum-mutuminsa a gari ran 7 ga wata, kuma gab da sakin bijimai masu gudu sukan taru gaban wani ƙaramin mutum-mutuminsa da ke jikin bango a gangaren Santo Domingo su rera waƙa sau uku suna roƙon ya jagorance su ya sa musu albarka. Jan ƙyallen da ake so ka ɗaura a wuya ma, abin da aka fi faɗa shi ne yana tunatar da jinin waliyyin, wanda suka ce an sare wa kai. Neman tsari wurin wanin Allah ba ƙaramin abu ba ne a wurin Musulmi, ko da bakinsa bai furta ba, bai dace a gan shi cikin sahun masu yi sanye da alamarsu ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen soke raƙuma a wani wuri da ake kira Buwana, Annabi (SAW) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko akwai gunki a wurin, ko kuwa ana yin wani idi na jahiliyya a can.

Sai haƙƙin dabbar. Da yamma ana soka wa waɗannan bijimai mashi a doro har jini ya jiƙa su, su galabaita, sannan a kashe su da takobi jama'a suna tafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya gaya musu cewa Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya mai da mai rai abin gwada harbi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta haramta faɗa da bijimai a zamanta na 1987. Saboda haka sayen tikiti ko kama hayar baranda don kallo bai halatta ba, domin da kuɗin 'yan kallo abin yake tsaye. Amma idan hanya ce ta biyo da kai, ko tagar ɗakinka tana kallon titin, babu laifi a kan abin da ido ya faɗa kansa ba da nufi ba. Na bara kuwa, da ka yi shi cikin rashin sani, istigfari ya wadatar.

Naman bijimin da aka kashe a fili mushe ne. Halascin abincin Ahlul Kitabi yana kan abin da suka yanka, kuma sa dabba ce da ake da ikon kayar da ita a yanka, sukar takobi a doro ba ta zama yanka.

Maganar hawan ƙaho ba hujja ba ce. Gaskiya ne mahautanmu suna ɗaure sa da igiya, a harzuƙa shi, wani ya faɗa tsakanin ƙahonninsa, amma kasancewar abu al'adarmu ba ya halatta shi, kuma inda aka sami jefa rai cikin halaka da wahalar da dabba, hukuncin ɗaya ne a Kano da Pamplona.

Ka ba abokanka haƙuri da kyakkyawan lafazi, ba tare da zagin al'adarsu ko addininsu ba, ka bayyana musu dalilinka, ka kuma ci gaba da zumunci da su a karatu da ziyara da cin halal tare. Wallahu a'alam.