Daga Samaru zuwa tseren teku: ana cin abinci da wannan sana'a kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina aji uku a sashen injiniyan kanikanci. Tun ran da na ga bidiyon wani Bafaranshe shi kaɗai a jirgin ruwan da iska ke turawa, wai yana tseren zagaye duniya, abin ya tsaya mini a rai. Shin sana'a ce da mutum zai riƙe iyali da ita, ko kuwa wasan masu kuɗi ne? Kuma ɗan Zariya da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Kubanni ba, ta ina zai faro? Mahaifiyata dai ta ce kada in sake yi mata maganar.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Sana'a ce, akwai masu cin abinci da ita, amma ba su da yawa, kuma akasarinsu a lungu ɗaya suke: yankin Bretagne da ke yammacin Faransa, a garuruwa irin su Lorient da Port-la-Forêt.

Ina kyautata zaton abin da ka gani gasar Vendée Globe ce. An fara ta a 1989, yanzu duk shekara huɗu ake yi. Mutum ɗaya ne a jirgi mai tsawon mita 18, ya tashi daga garin Les Sables-d'Olonne da ke gaɓar Faransa, ya gangaro ta gefen Afirka, ya ratsa tekun kudu ta ƙasan Ostareliya da Kudancin Amurka, ya dawo inda ya tashi. Ba yada zango, ba mai taimaka masa. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 45,000. A zagayen da aka fara a Nuwamban 2024 jirage 40 suka tashi, Charlie Dalin ya zo na ɗaya cikin kwana 64. Ka gwada da Robin Knox-Johnston na Ingila, wanda ya fara yin irin wannan tafiya shi kaɗai ba tsayawa: kwana 312 ya yi kafin ya dawo gida a 1969.

To ga abin da bidiyo ba ya nunawa. Ladan wanda ya ci gasar Yuro 200,000 ne, alhali sabon jirgi kaɗai yana lashe miliyoyin Yuro, ban da albashin ma'aikata da kuɗin gyara na shekara huɗu. Ashe ba da lada ake rayuwa ba. Kamar sukuwar dawaki ce a wajenmu: mai doki daban, mahayi daban. Kamfani ne ke ɗaukar nauyi, a sa wa jirgin sunansa, a riƙa biyan matuƙi albashi. Jirgin Dalin sunan kamfanin inshora yake ɗauke da shi, Macif. Wanda ya ci a 2021, Yannick Bestaven, kamfanin kaji ne ya tsaya masa, Maître CoQ. Saboda haka rabin rayuwar matuƙi a ofis-ofis take ƙarewa, da kwat da takardu, yana lallashin manajoji. Ran da kwangila ta ƙare ba a sabunta ba, gwani ya zama ɗan zaman kashe wando. An sha ganin ƙwararru suna kallon gasa daga gaɓa don ba su sami mai tsaya musu ba.

Matakan hawa sanannu ne. Yawanci ana farawa tun ana yaro da ƙananan jirage a bakin gaɓa. Daga nan sai Mini Transat, wadda aka fara a 1977: ka haye Tekun Atlantika kai kaɗai a jirgi mai mita shida da rabi, wato ya ɗan ɗara bas ɗin haya, kuma ba a yarda ka yi waya da mutanen tudu ba. Kafin ma a karɓe ka sai ka yi tafiyar gwaji ta mil 1,000 kai kaɗai. Sai gasar Solitaire du Figaro, inda jiragen duk iri ɗaya ne, ba wanda zai fake da cewa na wane ya fi nasa. Nan kamfanoni ke zuba ido su tsinci na tsinta. Akwai kuma tseren da ake yi a ƙungiya, irin The Ocean Race da ta samo asali a 1973, inda ake ɗaukar mutum aiki a matsayin ɗan jirgi.

Aikin kansa fa? Barci na minti ashirin-ashirin ne, da ƙararrawa mai tsinka kunne a kusa da kai. Abinci busasshe ne a leda, a zuba masa ruwan zafi, ruwan ma sai na'ura ta cire masa gishiri. Bokiti ne banɗaki. Hannu yana jiƙe kullum har fata ta yi laushi, igiya ta tsaga ta, gishiri ya shiga ciki. Ni da na yi shekaru a ɗakin injin manyan jirage, makona na farko a teku amai na yi ta sheƙawa har na raina kaina, kuma wannan jirgin ɗaukar kaya ne mai gado da kicin. A tekun kudu akwai inda tudu mafi kusa ke da nisan kusan kilomita 2,700. Idan abu ya lalace a can, kai ne bakanike, kai ne mai gyaran lantarki, kai ne tela idan ƙyallen da ke kama iska ya yage. Har likita kai ne: a gasar 1992 zuwa 1993 Bertrand de Broc ya datse harshensa, ya ɗinke da kansa a gaban madubi bisa umarnin da likita ya aiko masa daga tudu. A Nuwamban 2020 jirgin Kevin Escoffier ya karye biyu, ya yi awa goma sha ɗaya a kwale-kwalen ceto kafin abokin takararsa Jean Le Cam ya tsamo shi. An kuma rasa rayuka a wannan gasa. Don haka tsoron Hajiya yana kan hanya, kada ka ɗauke shi rashin wayewa.

Yanzu kai. Abin da ya sa ban ce maka ka manta ba shi ne karatun da kake yi. Dalin karatun zanen jirage ya yi a Southampton ta Ingila. François Gabart, wanda ya ci a 2013 yana ɗan shekara 29, injiniya ne. A bayan kowane matuƙi ɗaya akwai tawagar da ba a gani: masu aikin sinadarin kabon da ake ƙera jikin jirgi da shi, masu lantarki, masu igiyoyi, masu nazarin yanayi a kwamfuta. Su ne masu aikin da ya fi tabbas, kuma matuƙa da dama ta nan suka shigo, kamar yaron gareji da ya fara da miƙa sifana. Ƙofar da na hango maka ke nan, ba ta matuƙi kai tsaye ba.

Nisa da teku ba shi ne babban cikas ba. Jingkun Xu na ƙasar Sin a ƙauyen kan tudu ya tashi, ya rasa hannun hagu yana ɗan shekara 12, ya kuma kammala Vendée Globe a 2025. Daga nahiyarmu ma, Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu ta ci gasar Golden Globe a 2023, wadda ita ma tseren zagaye duniya ce mutum shi kaɗai. Cikas ɗin shi ne a Najeriya babu wannan tsani. Makarantar koyon aikin teku ta Oron tana horar da ma'aikatan jiragen kasuwanci ne, ba 'yan tsere ba. A Legas ne ake tuƙin jirgin iska na nishaɗi, kulob ɗin Lagos Yacht Club yana nan tun 1932. Akwai gasar Clipper, tseren zagaye duniya a ƙungiya, da ke karɓar wanda bai taɓa hawa jirgi ba, amma kai za ka biya, kuɗin kuma ba na ɗalibi ba ne.

Ka fara da abin da ke hannunka. Ka gama digirinka da sakamako mai kyau, in da hali aikinka na ƙarshe ya shafi kayan ƙira marasa nauyi ko lantarkin hasken rana. Ka koyi iyo a wurin da ke da mai koyarwa, ba a dam ba, don Allah. Ka kama Faransanci da gaske, domin a Lorient Turancinka ba zai kai ka ko'ina ba. Idan lokacin koyon aiki a masana'anta ya zo, ka nemi wurin gyaran jirage a Legas, ka roƙi wani ya fita da kai kan ruwa ko sau uku ne, ranar da iska ke kaɗawa. Bayan nan ka sake rubuto mini. Ita kuwa Hajiya, a yanzu ka ce mata aikin gyaran jirgi kake nema, don gaskiyar ke nan, ka kuma nemi albarkarta kafin ka hau motar Legas.