Tambaya da Amsa: Me ya sa ake zuba kuɗi a tsofaffin kaset ɗin gem na Japan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma tun ina yaro nake buga gem. Kwanan nan na ji labarin wasu mutane da ke haɗa kuɗi suna sayen tsofaffin kaset ɗin Nintendo daga Japan, wai don su kwafe abin da ke ciki su adana. Abin ya ɗaure min kai. Ashe ba duk waɗannan wasannin suna intanet ba? Kamfanin da ya yi su kuma yana nan da ransa, ba shi ya kamata ya ajiye kayansa ba? Sannan wannan kwafar ba satar fasaha ba ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma labarin na'ura ɗaya ya ishe mu mu amsa su duka. Sunanta Satellaview, kuma ina kyautata zaton a kanta ka ji wannan labari, domin kaset ɗinta na cikin waɗanda masu adana tarihin gem suka fi farauta.

Ka san Super Nintendo. A Japan sunanta Super Famicom, ta fito a 1990. Ranar 23 ga Afrilun 1995 Nintendo ya ƙara mata Satellaview, na'urar da ake maƙalawa a ƙasanta, a jona da dish da dikodar satalayit. Wani gidan rediyo na tauraron ɗan'adam mai suna St.GIGA, wanda Nintendo ya sayi kusan kashi 20 cikin ɗari na hannun jarinsa, shi ke watso wasannin daga sama a sa'o'in da aka ƙayyade. Idan yaro ya kunna, sai ya tsinci kansa a wani ɗan gari a cikin talabijin, yana yawo yana shiga gine-gine, duk ginin da ya shiga ya tarar da abin da ake watsawa a lokacin: sabon wasa, ko mujalla, ko sakamakon gasa. A Japan kaɗai aka yi wannan harka, kuma ko a lokacin da ta fi tashe, a 1997, gidajen da ke amfani da ita sun ɗan haura 100,000 ne kawai. Nintendo da St.GIGA suka samu saɓani, Nintendo ya daina ba da sababbin wasanni a 1999, aka ci gaba da maimaita tsofaffi har zuwa 30 ga Yunin 2000, ranar da aka daina watsa wasannin gaba ɗaya.

To a nan gizo ke saƙa. Mafi yawan waɗannan wasanni ba a taɓa buga su a kaset an kai shago ba. Abin da yaro ya sauke yana zama ne a wani ɗan ƙaramin memori da ake cusawa a saman babban kaset, kuma megabayit ɗaya kacal yake ɗauka. Saboda ƙanƙantarsa, idan kana son wasan wannan makon, sai ka goge na makon jiya. Ma'ana, duk memorin da ya rage a duniya yau yana ɗauke ne da abin da mai shi ya sauke na ƙarshe kafin ya gaji ya jefa shi a kwali. Wasan da babu wanda ya tsaya a kansa a matsayin na ƙarshe, ko wanda ya tsaya amma aka zubar da kayansa lokacin tashi daga gida, ya tafi ke nan, sai dai in kamfanin yana da shi a ɓoye.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, ba duka ke intanet ba. Wanda ka gani a can ma, wani ne ya nemo memorin, ya biya kuɗinsa, ya zauna ya karanto shi. Misalin da aka fi sani ya faru a ƙarshen 2016, lokacin da wasu memori suka bayyana a kasuwar gwanjo ta intanet a Japan ɗauke da ƙananan wasannin Kirby guda huɗu da aka daɗe ana nema. Frank Cifaldi, wanda ya kafa gidauniyar Video Game History Foundation a shekarar da ta biyo baya, da wasu abokan aikinsa suka yi shela, jama'a suka yi karo-karo, aka saye su a kan yen 85,500 na kuɗin Japan, aka kwafe aka saki ga kowa. Da wani mai tara kayan tarihi don kansa ne ya riga su, mai yiwuwa da suna kulle a durowarsa har yau. Wannan ma an ci sa'a ne an san abin da ke ciki. Sau da yawa mai sayarwa bai san me memorin ya ƙunsa ba, sai a saya a makance, a karanta, a tarar babu komai ko kuma abin da aka riga aka mallaka ne. Mutanen nan suna asarar kuɗin aljihunsu a kan haka, kuma suna sake saye.

Tunda kai mai gyara ne, bari in ɗan shiga cikin aikin, na san za ka ji daɗinsa. Wasu wasannin an sa musu iyakar sau nawa za a kunna su. Idan adadin ya cika, wasan sai ya ɓace daga jerin abin da na'urar ke nunawa, mai shi ya ɗauka ya goge. Alhali wata 'yar alama ce kawai aka canza a farkon bayanan. Kwaɗo aka sa wa ƙofa, kayan suna nan a ɗaki. Wanda ya karanta memorin kai tsaye da na'urar karanta kaset da ake jonawa da kwamfuta zai ga komai, har ma wani lokaci ya ga guntun tsohon wasan da sabo bai gama hawa kansa ba. Shi ya sa doka ta farko a wajen masu wannan aiki ita ce kada a yi gaggawar cusa memori a na'ura don a ga me ke ciki, a fara karanto shi tukuna. Ana goge haƙoransa na ƙarfe, a karanta sau da yawa, kowane karo a fitar da lambar tantancewa irin su CRC32 ko SHA-1, wadda ke canzawa gaba ɗaya ko da ɗigo ɗaya ne ya sauya a cikin fayil. In lambobin sun zo daidai, sai a gwada da na wani da ya karanta irin wannan wasa daga wani memorin daban. Rumbun No-Intro, wanda shi ma 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, aikinsa ke nan: tara waɗannan lambobi don a bambance kwafi mai kyau da gurɓatacce. Akwai kuma dalilin sauri. Memorin filash yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da ke zurarewa a hankali, kuma waɗannan sun kai shekara 30 ko sun kusa.

Samun fayil ma rabin aiki ne, domin tashar da ke magana da na'urar ta mutu. Dole aka koma aka gano yadda siginar take tun daga tushe. Marigayi Near, wanda aka fi sani da byuu, ya shafe shekaru tun daga 2004 yana gina bsnes, manhajar da ke kwaikwayon Super Famicom a kwamfuta, da niyyar ta yi daidai da na'urar gaske har a ƙananan halayenta. Wani mai bincike da ake kira LuigiBlood ya ɗora a kan irin wannan aiki, ya haɗa manhajar SatellaWave da ke ƙirƙiro siginar watsawa, ta yadda ɗan garin nan da ya zama kufai a 2000 zai sake cika, gine-ginensa su buɗe.

Abin da ya fi ci min rai a duk labarin shi ne wasannin da ake kira SoundLink. Waɗannan ana buga su ne a sa'a guda da aka sanar, kowa a faɗin Japan a lokaci ɗaya, kashi-kashi mako bayan mako. Yayin da kake bugawa, muryoyin 'yan wasan kwaikwayo da kiɗa suna zuwa ta rediyon satalayit, suna ba da labari, suna gargaɗinka cewa wani abu na shirin faruwa, kuma a daidai wannan mintin abin ya faru a allonka. BS Zelda na watan Agustan 1995 shi ne na farko a wannan salo. Ita muryar ba ta taɓa shiga memori ba, iska ce ta zo ta wuce. Ko ka samu fayil ɗin wasan cikakke, kurma ne. Abin da ya ceci wani sashe na waɗannan muryoyi shi ne wasu 'yan wasa da suka jona bidiyonsu suka ɗauki abin da suke bugawa a kaset ɗin VHS, suka ajiye, bayan shekaru suka ɗora a Nico Nico Douga, shafin bidiyo na Japan, da YouTube. Daga nan masu sa-kai suka rubuta maganganun, suka fassara, suka daidaita su da agogon wasan. A ganina wannan shi ne ya bambanta mai adana tarihi da mai neman gem na kyauta. Mai adanawa yana bin jadawalin shirye-shiryen da aka buga a mujallun wancan zamani don ya san ranar da aka watsa kowane kashi, yana hoton kwali da takardar bayani, yana rubuta daga wane memori aka samo fayil da halin da aka same shi.

Akwai inda ma fayil ɗin bai samu ba sam. Wasu hanyoyin tseren mota na BS F-Zero Grand Prix da aka watsa a 1996 da 1997 sun ɓace, har aka sa ladar dala 5,000 ga duk wanda ya kawo memorin da ke ɗauke da su. Abin da ake da shi kawai hoton VHS ne da wani ya ɗora a 2018. Sai masu sha'awar wasan suka yi amfani da wata manhaja mai suna Graphite da ke bin bidiyon hoto bayan hoto tana lissafa inda motar take a kowane lokaci, da haka suka zana hanyoyin daga farko, suka fitar da su a Fabrairun 2024 da sunan BS F-Zero Deluxe. Aiki ne da ya cancanci jinjina, kuma abin da ya ƙara masa daraja a wurina shi ne ba su ce na asali ne ba. Sun faɗa ƙarara cewa sake gini ne, neman na asalin kuma bai tsaya ba.

Batun kamfani kuwa, gaskiyarka, shi ya fi cancanta. Mai yiwuwa ne ma Nintendo yana da wasu daga cikin waɗannan abubuwa a rumbunsa, amma abin da ke kulle inda ɗalibi ko mai bincike ba zai gani ba bai amfani tarihi da komai ba tukuna. Kamfani yana sake fitar da abin da zai kawo kuɗi ne. Radical Dreamers na kamfanin Square, wanda aka watsa a 1996, sai a 2022 aka sake fitar da shi a hukumance, bayan shekara 26, kuma ya samu wannan gata ne saboda dangantakarsa da wasu manyan wasanni masu kasuwa. Ƙananan wasanni da mujallun da aka watsa ba su da mai tuna su a ofis. Matsalar kuma ta wuce Satellaview: binciken da Video Game History Foundation da Software Preservation Network suka fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin binciken.

Saura tambayarka ta uku, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. A doka, haƙƙin mallakar waɗannan wasanni yana hannun kamfanonin da suka yi su, ko da sun daina sayarwa, kuma raba fayil ɗin a intanet ba da izininsu ba ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka a mafi yawan ƙasashe. Ko ɗakunan karatu ma hannunsu a ɗaure yake. A Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar a bar su su ba masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa, bayan ƙungiyar kamfanonin gem ta yi adawa da hakan. Ni dai ina raba abu biyu. Wanda ya kwafi wasan da ake sayarwa yau don ya guje wa biya, ya ci haƙƙin masu shi, babu wata fassara. Wanda kuwa ya sayi memori da kuɗinsa ya ceto abin da babu inda ake sayar da shi, wanda in ya bari zai lalace nan da wasu shekaru, ban ga wanda ya cutar ba, kuma ina ganin doka ce ta kamata ta buɗe wa irin wannan aiki ƙofa ta hannun gidajen tarihi da jami'o'i.

Da wuya memorin Satellaview ya faɗo hannunka a Zariya, tunda ba ta taɓa fita daga Japan a hukumance ba. Amma kayan gwanjo suna yawo, kuma shagon mai gyara nan ne matattarar tsofaffin na'urori. In wata rana ka ga kaset mai ramin cusa wani ƙaramin kaset a samansa, ko wanda aka manna masa takarda da rubutun hannu maimakon hoton kamfani, ko faifan gem da aka rubuta wa kwanan wata da alƙalami, kada ka kunna shi don gwaji kuma kada ka fasa shi don cire kayan gyara. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka sa shi a leda ka ajiye inda zafi da danshi ba za su same shi ba, sannan ka aika hoton ga Video Game History Foundation ko masu kula da rumbun No-Intro, za su gaya maka ko abin da ake nema ne da yadda za a karanto shi lafiya.