Auren Gata Da Kuɗin Gwamnati: Ya Halatta In Shiga?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni bazawara ce a Kano, 'ya'yana uku. Akwai mai nemana, har mun cike takardar auren gata na Hisba. A yanzu ba ya sana'ar komai, amma ya ce in an ba ni kayan ɗaki da jari zai sayar da wasu ya biya kafin alƙalami, ya karɓi Adaidaita Sahu. Yayana kuma ya hana. Ya ce bai halatta gwamnati ta ɗebi kuɗin jama'a ta fifita masu aure ba, wai ta wannan ƙofar auren jinsi ya shiga Amurka. Malam, ya halatta in shiga?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, shiga auren gata halal ne, karɓar abin da aka bayar ma halal ne. Auren jinsi kuwa haram ne ba tare da saɓani ba, ba ma aure ba ne a shari'a. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki shi ne maganar manemin naki, zan dawo kanta. Bari mu fara sallamar yayanki, tunda shi ne waliyyinki ko kusa da haka.

Maganarsa ba daga iska ya ɗauko ta ba. A Amurka gwamnati ta jingina wa aure fa'idodin kuɗi masu yawa: sauƙin haraji, gado, inshora, fansho. Shari'ar da ta karya dokarsu ta 1996, wadda ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai, a kan kuɗi aka yi ta. Wata mata mai suna Edith Windsor aka caje ta harajin gado sama da dala 363,000 bayan mutuwar matar da suka yi auren jinsi da ita, domin dokar ba ta amince da aurensu ba, ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2013. A 2015 kotun ta halatta auren jinsi a duk jihohin ƙasar. Shi ya sa wasu a can suke cewa gwamnati ta tsame hannunta daga aure gaba ɗaya. Wannan ra'ayin ne ya iso kunnen yayanki.

Sai dai ya ɗauki magani ya shafa inda ba ciwo. A can, hukuma da kotu ne ke fayyace mene ne aure, don haka ranar da alƙalai suka sauya fassara, kuɗi ya bi sabuwar fassarar. A auren gata, gwamnati ba ta ƙulla komai. Waliyyi ne ke bayarwa, ango ko wakilinsa ya karɓa, shaidu su ji, a ambaci sadaki. Gwamnati biya kawai take yi, kamar kawun da ya ɗauke wa ɗan ƙanwarsa sadaki. Kano ta fara wannan tsari a 2012 zamanin Kwankwaso, a 2023 ma an aurar da mata 1,800 a zamanin Abba Kabir Yusuf, kuma a tsakanin waɗannan shekarun ne, a Janairun 2014, Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana auren jinsi a Najeriya. Ina ƙofar da ta buɗe?

In ya ce toshe kafar ɓarna yake yi, to mu Malikawa mu muka fi kowa riƙo da wannan ƙa'ida, kuma mun san iyakarta. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya bayyana cewa akwai hanyar da malamai suka haɗu a kan ba a toshe ta, ya ba da misali da noman inabi: ba a hana shi don tsoron wani zai yi giya. Aurar da zawarawa ya fi noman inabi nisa da ɓarnar da yake tsoro.

Shi kuma zancen cewa fifita masu aure zalunci ne, aikin Manzon Allah (SAW) ya rushe shi. A Sahihu Muslim, da Fadlu ɗan Abbas da Abdulmuɗɗalib ɗan Rabi'a suka zo suna son aure ba su da hali, ya sa aka aurar da su, ya umarci Mahmiya, mai kula da humusi (kashi ɗaya cikin biyar na ganima), ya biya musu sadaki daga ciki. Umar ɗan Abdul'aziz ma ya rubuta wa gwamnansa na Iraƙi ya duba samarin da ba su da hali, ya aurar da su daga baitulmali. A lura da wani abu a labarin nan: ya sa wannan ne bayan an ba mutane haƙƙoƙinsu, an biya wa masu bashi. Nan ne yayanki zai iya samun gindin tsayawa. In gwamnati ta bar albashi da 'yan fansho da asibiti ta tafi bikin aure don a gani, ko aka raba takardu ta hanyar 'yan siyasa, ko aka ware talakan da ba Musulmi ba alhali taskar ta kowa ce, an saɓa adalci, kuma a faɗa mata. Amma laifin yana wuyan mai rabo. Talakar da ta cancanta ta karɓa ba ta ci haram ba. Ki kuma gaya wa yayanki ya kiyaye harshensa a wannan babi. Na ga matasa suna jifan mutane da luwaɗi ko maɗigo a Facebook ba hujja, wannan babban zunubi ne, kuma hukunci aikin alƙali ne, ba na 'yan unguwa ba.

Yanzu ke. Sadakin nan naki ne, jarin naki ne, gado da katifa in da sunanki aka bayar naki ne. Miji ba shi da ikon sayar da ko cokali sai da yardarki. Mutumin da tun kafin a shafa fatiha ya gama lissafin kayan ɗakinki, ki tsaya ki dube shi da kyau. Ban ce mugu ba ne, wataƙila neman mafita yake da gaske. In kin yarda ki taimake shi, ki ba shi a matsayin bashi, a rubuta, da shaidu biyu, kuma kada ki taɓa jarin da za ki juya.

Ga abin da mata da yawa ba su sani ba. A mazhabarmu mace tana da damar neman alƙali ya raba auren in miji ya kasa ciyarwa, amma Shaihu Halil, mai littafin Muhtasar, ya togace wadda ta san talaucinsa tun lokacin ɗaurin aure. Ke da hannunki kin rubuta cewa ba ya sana'ar komai. In kika shiga a haka, gobe hujjarki a gaban alƙali ta yi rauni. Shawarata, ki ce ya fara kama wani abin yi, ko ƙanƙane ne, kafin ranar. Haka alkawarin da ake ɗauka cewa ba za a yi saki ba sai an koma Hisba, cika shi wajibi ne a kansa, amma kada ki ɗauke shi katanga: in ya furta saki, ya saku.

Sai yaran. Ciyar da su yana kan ubansu, ba kan sabon miji ba. Kuma in kika tare da wanda ba muharraminsu ba, haƙƙin riƙo yana iya barin hannunki ya koma ga mahaifiyarki in tana raye kuma tana da iko. Ku zauna da ita da yayanki a tsayar da inda za su zauna tun yanzu. Na ɗauka kin gama idda. In ba ki gama ba, ko alkawarin aure a fili bai halatta ba, balle cike takarda. Gwajin lafiya kuma, wanda doka ta wajabta a Kano tun 2024, ku je tare ki ga sakamakonsa da idonki, kada ki yarda da takardar da aka kawo miki gida.

Wallahu a'alam.