Hukuncin ce wa yaro "ɗan biri"

Tambaya: Allah gafarta Malam, ɗana ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana bisa bedin ƙofar gida, shi ya sa kakarsa ke ce masa "ɗan biri". Wani maƙwabci ya ce wannan tsinuwa ce, wai birai jikokin mutanen da Allah ya la'anta ne, har sunan ma daga can ya fito. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Maƙwabcinka ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba.

Sunan dai kowace al'umma da nata. Balarabe ya ce ƙirdu, jam'insa ƙirada, Bazabarme ya ce foono, Bafillace waandu, Bafaranshe kuma senj, wanda ya gada daga Latinanci. Namu biri Hausa ce tsantsa, ba aro daga Larabci ba, kuma mun rarrabe su tun kaka da kakanni: jan biri mai ɓarnar gero daban, gwaggon biri daban. Suna ne na dabba, ba ya ɗauke da la'ana.

Ƙissar kuwa gaskiya ce. Tana cikin Baƙara aya ta 65 da A'araf aya ta 166: mutanen wani gari na bakin teku daga Bani Isra'ila suka keta hanin kamun kifi ranar Asabar, aka ce musu "ku zama birai ƙasƙantattu". Mujahid, malamin tafsiri daga cikin tabi'ai, ya ce zukatansu aka juya, amma jamhurun malaman tafsiri sun tafi a kan surarsu ce, kuma babban malamin tafsiri Ɗabari ya ƙi maganar Mujahid. To amma na yau jikokinsu ne? A'a. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa an tambayi Annabi (SAW) wannan, ya bayyana cewa Allah bai sanya wa waɗanda aka juya zuriya ba, kuma birai da aladu suna nan tun kafin haka.

Saboda haka kakar ba ta tsine wa kowa ba, wasan jika ne. Inda nake jin tsoro shi ne sunan ya bi yaron makaranta, abokai su riƙe shi yana jin zafi. Nan ya shiga hanin Hujurat aya ta 11 game da jifan juna da miyagun laƙabai, ya haramta. Ce wa baligi biri don kushe halittarsa ko launinsa haramun ne kai tsaye. Ka roƙi tsohuwa cikin ladabi ta sauya masa laƙabi tun bai kama shi ba.

Wallahu a'alam.