Tambaya da Amsa: In Cire Man da Kakana Ya Shafa wa Tsoffin Kwabbansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar kakanmu mun tarar da wani gwangwani a adakarsa cike da kuɗin da: kwabo mai huji, anini da 'yan sulalla. Guda shida ya shafa musu man ƙyalli irin wanda kafintoci ke shafa wa kujera. Yanzu man ya yi rawaya, a jikin biyu ya tsattsage, ɗaya ma har da ɗigon kore a bakin hujin. Akwai mai rubutun Edward VIII da shekarar 1936. Ƙanwata ta ce a wanke su da lemon tsami da toka yadda take yi wa awarwaronta. In cire man ne ko in bar shi?
Daga wani mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta.

Ɗan'uwa, ka ba ƙanwarka haƙuri. Lemon tsami, tsamiya, toka, yashi, soson ƙarfe da man goge ƙarfe irin Brasso, kada ɗayansu ya kusanci gwangwanin nan. Tsami cin fatar ƙarfen yake yi, toka kuma ta bar masa ƙananan zane-zane da ba sa gogewa har abada. Awarwaro don ƙyalli ake sa shi. Masu tara tsoffin kuɗi kuwa, da sun ga kwabo yana walƙiyar da ba tasa ba sun san an goge shi, nan take farashinsa ya faɗi. Duhun da shekaru suka sa wa ƙarfe ba datti ba ne, shi suke nema.

Wanda ka ambata na 1936 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Edward VIII bai cika shekara a sarautar Ingila ba, ya yi murabus a watan Disamba na shekarar, kafin kuɗi mai hoton kansa ya shiga hannun jama'a a can. Amma kwabon Afirka ta Yamma ba ya ɗauke da hoton sarki saboda hujin tsakiya, suna kawai ake rubutawa, shi ya sa aka buga shi ya shigo kasuwanninmu. Ka juya shi ka duba da kyau: tauraro mai tsini shida a gefe guda, kambi da rubutun Larabci a ɗaya gefen, wataƙila kuma ka ga ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga shi. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce miliyoyi aka buga, don haka kada wani dillali ya sa ka fara lissafin fili da mota. Darajarsa tana ga tarihinsa da kuma hannun da ya ajiye shi.

Guda huɗun da mansu bai tsage ba, ni dai shawarata ka bar su yadda suke. Man ya yi rawaya, na yarda, amma shi ya tare musu laimar damina da gishirin gumin hannu duk shekarun nan. Kuma ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Mutanen da sukan goge kwabo tas kafin su shafa masa mai, to kana cirewa sai ka tarar da fuska fari fat mai zane-zane, ko dabbare-dabbare inda iska ta taɓa wani wuri ta bar wani. Man da ka cire kuwa ba ya komawa.

Biyun da suka tsattsage su ne abin damuwa, musamman mai koren nan. Laima tana shiga ta tsagar ta maƙale a ƙarƙashin man, tana cin ƙarfen a ɓoye. In koren mai haske ne kuma yana marmashewa kamar gari, to ci yake yi, zai bar rami. Waɗannan a cire musu.

Ka nemi asiton tsantsa, wato wani ruwan sinadari mai narkar da irin wannan mai, a shagon masu sayar da sinadaran ɗakin gwaji na makarantu. Ban da na goge jan farce, don an gauraya shi da turare da maiƙo. Ban da fetur, kananzir ko tinar masu fenti. Ka zuba a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, domin yana narkar da roba. Ka yi aikin a inuwa inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da sigari, wuta yake kamawa nan da nan. Ka sa kwabon ya yi 'yan mintuna, ka fitar, ka ɗauraye a sabon asiton, ka bar shi ya bushe da kansa. In man ya yi taurin kai ka sake jiƙawa, kada ka kankare da farce ko allura. Abin da ya maƙale cikin haruffa ka dangwala masa auduga a hankali, ba gogewa ba. Wani man sai sifirit ke narkar da shi, in asiton ya gaza ka gwada shi.

Ka fara da wanda ya fi lalacewa, ka ga yadda zai fito. Ka lura da launin ƙarfen kuma. Fararen kwabbai irin na 1936 haɗin tagulla da nikel ne, suna da juriya. Jajayen, irin na 1952 da na Tarayyar Najeriya na 1959, sun fi saurin sauya launi, kada ka bar su su kwana a ciki. Asiton mai kawai yake cirewa, ba ya maganin koren da ya riga ya kama ƙarfe. In ya sake tsirowa bayan 'yan makonni, ka ware wannan kwabon daga sauran ka kai wa ma'aikatan adana kayan tarihi, irin na Gidan Makama a Kano, su duba maka.

Bayan haka ka fitar da su duka daga gwangwanin, don suna gogar juna kuma gwangwani na tsatsa. Kowanne a ambulan ɗinsa na takarda, ka rubuta shekararsa da sunan tsoho a bayansa. Ka guji leda mai laushi, tana fitar da wani danƙo kore da ke lalata tagulla. In za ka ɗauka ka riƙe ta gefe, ka ajiye su a saman durowa inda laima ba ta kaiwa.