Dutsen guga ko injin leda: da me za ka manna zane a jan ƙarfe?

Yaro, na ji tambayarka. Ka ce ka ɗan tara kuɗi, kana so ka fara yin allon da'ira, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, layukan jan ƙarfe na haɗa su, da hannunka a gida, ka buga zane da firinta ka manna shi a jan ƙarfe da zafi, amma ka rasa wanda za ka saya tsakanin dutsen guga, injin da masu fotokofi ke sa wa takardu leda, da injin matsa riga irin na masu buga lamba a rigunan ƙwallo. To, mayar da kuɗinka aljihu tukuna, mu fara sanin abin da za a narkar.

Abin da firintar leza ke zubawa a takarda ba tawada ba ce. Garin roba ne mai laushi ƙwarai da aka gauraya da baƙin launi, shi ne tona. Firinta takan ɗora shi a takarda, ta bi da ita tsakanin naɗi biyu, ɗaya na gasawa ɗaya na dannewa, da zafin da ke kaiwa digiri 160 zuwa 200, sai garin ya narke ya kama. Kai kuwa so kake ka sake narkar da shi, ya saki takarda ya koma jikin jan ƙarfe. Shi ya sa firinta mai tawadar ruwa ba ta wannan aiki ko da za ka kwana kana guga, don babu robar da za ta narke a cikinta.

Inda yara ke ɓata shi ne su zage suna gasa takarda, alhali jan ƙarfen ne ke neman zafi. Ka san yadda dalma ke yi in ka ɗiga ta a waya mai sanyi: ta dunƙule ta zauna a sama, ka taɓa ta faɗi. Haka tona yake da jan ƙarfen da bai ɗau zafi ba. Jan ƙarfen da ke kan allo siriri ne, kaurinsa yawanci bai wuce maikiron 35 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), amma yana kwashe zafi ya watsa shi nan da nan, ga kuma jikin allon mai kaurin milimita 1.6 da shi ma sai ya sha nasa. In ka shimfiɗa allon a kan siminti ko teburin ƙarfe, zafin da kake zubawa ta sama ta ƙasa yake zurarewa. Katako mai santsi ake sawa, da takarda biyu ko uku a kai. Bayan zafi sai danni, kuma dannin ya zama ɗaya daga tsakiya har gefe. Duk abin da za ka saya, waɗannan biyun za ka duba: yana riƙe zafi a wuri ɗaya? Yana danna ko'ina daidai?

Ni dutsen guga nake so ka fara da shi, amma ba kowane ba. Nemi busasshe, irin na da, mai nauyi, wanda babu rami ko ɗaya a tafinsa. Mai fesa tururi kada ka ko kalle shi: duk inda rami yake babu zafi babu danni, sai ka ɓare takarda ka tarar da layukanka sun yanke a jere daidai da ramukan. Na zamanin nan marasa nauyi, tafinsu siriri ne, da ka ɗora su a jan ƙarfe sun huce. In ka je Babbar Kasuwa wajen masu tsofaffin kaya, tafi da rula ta ƙarfe, ka kifa ta a tafin dutsen ka ɗaga sama. In haske na wucewa ta tsakiya, ajiye musu kayansu. Kuma ka sayi naka na kanka. Na cikin gida kada ka taɓa, don ranar da baƙin tona ya fito a farar shaddar Babanka, ba ni zan je ba da haƙuri ba.

Dubi abin murɗawar da ke jikinsa, za ka ga ɗigo-ɗigo. Ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne, biyu wajen 150, uku wajen 200. Aikinmu yana tsakanin biyu da uku, ka fara daga ɗan gaba da biyu. Sai dai kada ka ba ɗigon nan amana gaba ɗaya. A cikin dutsen wani ɗan ƙarfe ne ke lanƙwashewa in ya ji zafi ya yanke wuta, in ya huce ya miƙe ya mayar, wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Tsakanin yankewa da mayarwa zafi hawa da sauka yake, kuma dutse biyu masu suna ɗaya ba lalle su ba ka zafi ɗaya ba. Don haka ragowar kuɗinka, kafin ka yi mafarkin wani inji, sayi mita mai wayar auna zafi, wadda ke da ɗan ƙulli a baki. Ka sa ƙullin tsakanin dutse da wani guntun allo, ka ga lamba da idonka. Bindigar auna zafi ta nesa ba ta da amfani a nan, ƙarfe mai ƙyalli ruɗa ta yake, ta nuna maka sanyi alhali hannu ba ya taɓuwa.

Yadda ake gugar ma rabin aikin ne. Da farko ka ɗora dutsen ka danna da nauyin jikinka ba tare da ka motsa ba, wajen rabin minti, har takarda ta kama. In ka fara ja tun ba ta kama ba, ta zame, zane ya goge. Bayan nan sai ka bi a hankali, minti biyu zuwa uku, kana bin gefuna da kusurwoyi da bakin dutsen, don nan ne kullum ake samun cikas. In ka ga layuka sun yi faɗi sun fara haɗewa, zafi ko danni ya yi yawa. In sun tashi da takarda, bai isa ba. Iyakar dutsen guga ita ce faɗin tafinsa: allon da ya fi tafin girma, kana gasa nan can na hucewa. Amma irin abin da kake yi yanzu, caja, na'urar kunna fitila in dare ya yi, ƙaramar amfilifaya, duk ba su kai tafin hannunka ba.

Sai maganar wuta, wadda masu koyarwa a intanet ba sa yi don ba damuwarsu ba ce. Dutsen guga yana cin wat 1000 ko fiye. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, ƙaramar inbata ta sola kuwa kuka za ta yi ta mutu. In wutar gari ta yi rauni, zafi ba kaɗan yake raguwa ba: 220 ta sauko 180, ƙarfin gasawa ya koma kashi biyu cikin uku. Dutse yana jure wannan, jinkiri kawai zai yi kafin ya kai inda ka sa shi. Ka tuna 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta Katsina bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, masu wanki da guga na gawayi ba su fasa aiki ko yini ɗaya ba. Kada ka raina dutsen gawayi. Yana da nauyi, tafinsa shafe yake, kuma in ya ɗau zafi yana daɗewa da shi. Aibinsa ba shi da mai tsawata masa, yakan wuce 200 ba ka sani ba. Allon fiba mai ɗan kore yana ɗan haƙuri, amma mai ruwan ƙasa ɗin nan mai arha, na takarda da aka jiƙa da ƙaro, kumbura yake, jan ƙarfen ya ɗago, ga wari. Ka bar garwashi ya kwanta, ka auna, in ba mita ka danna shi a farar takarda: ta soma ja nan take, jira. Kuma kwalbar asiton, ruwan nan mai narkar da tona da kake wanke allo da shi, ta yi nisa da garwashi, a rufe, tururinta kama wuta yake.

Injin leda, wanda na san shi ne ya fi ɗaukar hankalinka, yana da abin da hannu ba zai taɓa yi ba: naɗinsa na danna ko'ina ɗaya, kuma yau da gobe sakamako ɗaya. In ka kai ga siraran layuka, irin na ƙananan aisi (IC, baƙaƙen ƙwayoyin lantarkin nan) masu ƙafafu kusa da juna, za ka so shi. Amma ba don mu aka ƙera shi ba. An yi shi ne don takarda da leda mai kaurin maikiron 80 zuwa 125, zafinsa kuma yawanci ƙasa yake da na firinta. Ka tura masa allo mai milimita 1.6, in ƙaramin nan ne mai arha, haƙoran robar da ke juya naɗin su kakkarye, ko allon ya maƙale a ciki yana gasuwa. Mai kauri 0.8 ya fi wucewa lafiya. Kuma ba sau ɗaya ake turawa ba, sai an yi ta maimaitawa, sau goma ko fiye, ana juya allon, ba a bari ya huce tsakani. In wuta ta yi rauni nan ya fi dutse cutarwa, don motar lantarkin da ke juya naɗinsa na ja da saurinta na kullum alhali zafi ya ragu, allo ya fito ɗanye.

In dai za ka saya, nemi wanda naɗin kansa ne ke zafi, ba wanda faranti ke gasawa a gefe ba, mai sifirin da ke barin naɗi ya buɗa, mai abin murɗa zafi, mai maɓallin mayar da takarda baya. Masu fotokofi na wajen Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da bakin makarantu sukan canza nasu, tsohon babba ya fi sabon ƙarami. Ka tafi da guntun allo a aljihu, ka ce a tura a gabanka. Mai kaya ya ƙi, kai ma ka ƙi. Za ka ji wasu na cewa a canza ma'aunin zafin ciki a sa mai 170 ko 180. Ana yi, amma jikin injin da haƙoransa roba ne, ba a yi su don wannan zafi ba. Akwai kuma ɗan fis na zafi da ke tsinkewa in abu ya ɓaci. Duk wanda ya ce ka haɗe shi da waya don ya daina damunka, ba shi zai kwana a ɗakin ba. Ban yarda ka yi ba.

Wasu kan ciro naɗin gasawa daga matacciyar firinta su sa masa mota mai tafiya a hankali. Dabara ce mai kyau, tunda shi don tona aka yi shi, amma tsofaffin masu naɗin ƙarfe da fitila a ciki ake nema. Na baya-bayan nan wata siririyar riga ce ke juyawa a kan abin gasawar, bakin allo na taɓa ta ta yage. Ga wutar 220 tsirara. Wannan sai hannunka ya ƙara nuna, mu yi shi tare a shago.

Injin matsa riga ya fi duka iya riƙe zafi, ga agogo, ga faɗi. Tsada ce da shi da cin wuta, kuma in ka matse shi da yawa layuka bajewa suke. Ranar da babban allo ya same ka, je wajen mai buga riguna ka biya shi na minti biyar. Injin iska mai zafi na masu gyaran waya kuwa bar shi inda yake, zafi ne ba danni.

Sau da yawa kuma ana zagin dutse alhali laifin ba nasa ba ne. Jan ƙarfe sai an goge shi da soson ƙarfe mai laushi har ya yi ƙyalli, a share da asiton ko alkol, daga nan yatsa bai ƙara taɓa fuskarsa. Da hunturu, ƙurar da ke sauka cikin minti kaɗan ta isa ta huda maka zane, don haka ka goge ka rufe nan take. Takarda mai santsi ta mujalla ko bayan sitika ita ke sakin tona, farar takardar ofis riƙe shi take. A firinta a kashe tsimin tona, a sa mafi baƙi, kuma zane ya fito a juye kamar a madubi. Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne garin tona da ake sake ɗurawa a firinta: kowane shago da irin nasa, wani na narkewa da wuri wani sai ya sha wuta. Ka zaɓi shago ɗaya da firinta ɗaya ka tsaya a kai, in ba haka ba kullum sabon gwaji za ka yi.

Ga abin da za ka yi da ka samu dutsen. Zana layuka a jere, na milimita 1, na 0.5, na 0.3, ka buga kwafi da yawa a takarda ɗaya. Yanka guntayen allo, ka gasa kowanne da zafi daban da minti daban, kana rubutawa a littafi. Ka bar allo ya huce kafin ka jefa shi a ruwa, takarda ta jiƙa sosai, ka murza da babban yatsa. Wanda tonansa ya tashi, wanke da asiton ka sake, allo bai lalace ba muddin bai shiga ruwan cin ƙarfe ba, wato ruwan da ke cinye jan ƙarfen da tona bai rufe ba. Ranar Asabar ka zo mini da guntayen da littafin, in ga a wane zafi na 0.3 ya tsaya bai yanke ba.